Kaluluwa 8 kacal aka samu bayan tiyatar hanjin Baba: sai an sake yi masa aiki?

Tambaya: "Mako uku ke nan da aka yi wa mahaifinmu mai shekara 64 tiyatar ciwon daji a babban hanji, ta ɓangaren hagu. Takardar binciken naman ta fito, an rubuta T3, a wajen kaluluwa kuma an rubuta 0/8. Ƙanina ya karanta a intanet cewa in ba a cire 12 ba aikin bai yi ba, wai kuma waɗanda aka cire wa da yawa sun fi daɗewa a raye. Hankalinmu ya tashi. Sakaci likitan ya yi? Sai an koma an ciro sauran?"

'Yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Ki fara kwantar da hankalinki a kan abu ɗaya: ba a sake buɗe cikin mutum don kawai a cika lissafin 12. Abin da ƙaninki ya karanta yana da tushe, ba shaci-faɗi ba ne, sai dai an ba shi rabin zancen. Lambar 8 ɗin nan tana da aikin da za ta yi muku, amma aikin nata yana wajen masu binciken nama da likitan cutar daji, ba a ɗakin tiyata ba.

Ma'anar 0/8 ita ce an tsinto kaluluwa guda 8 a cikin abin da aka yanko, an duba kowacce a madubin likita, ba a ga ƙwayar daji ko a ɗaya ba. Sifirin nan labari ne mai daɗi. T3 kuma na nufin ƙarin ya ratsa naman bangon hanjin ya taɓa kitsen da ke bayansa, amma bai huda tantanin waje ba, bai kuma kama wata gaɓa ba. In hoton hanta da huhu bai nuna komai ba, Baba yana mataki na 2 ke nan, kuma mafi yawan masu mataki na 2 tiyata kaɗai ke raba su da cutar.

Mu dai mun saba jin kaluluwa a matsematsi ko a hammata ko a wuya, lokacin da mutum ya yi rauni ta kumbura. To irinta na nan birjik a cikin ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen gyaran kayan cikin rago ranar layya ya ga yadda hanji yake rataye jikin wata shimfiɗar kitse mai tantani, jijiyoyin jini sun bazu a cikinta daga tushe ɗaya zuwa gefen hanjin. Haka yake a jikin ɗan Adam. A cikin wannan kitsen kaluluwar hanji take, jere bisa jijiyoyin: wasu a manne da bangon hanji, wasu a tsakiya, wasu can gindin babbar jijiya. Ruwan da ke tsattsafowa daga naman hanji ta cikinsu yake bi, suna tace shi. Shi ya sa idan ƙwayar daji ta ɓalle, sau da yawa a nan ake fara ganinta. Shi ya sa kuma likitan tiyata ba ya tsintar kaluluwa ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa. Yana ɗaure jijiyar da ke shayar da wurin ne, ya ɗauko hanjin haɗe da kitsensa dunƙule guda. A lokacin aikin ma bai san ko nawa ne a ciki ba. Wanda ke ƙirgawa wani likita ne dabam, likitan fatoloji mai binciken nama, kwanaki bayan an ɗinke cikin.

Muhimmancin kaluluwa a wannan cuta tsohon sani ne. Tun 1932 Cuthbert Dukes, likitan binciken nama a asibitin St Mark's da ke Landan, ya kasa ciwon dajin dubura gida uku, ya nuna waɗanda cutar ta kai wa kaluluwa su suka fi shiga haɗari. Amma a zamaninsa sanin hakan bai sauya magani ba, don babu abin da za a ƙara wa mara lafiya bayan tiyata. Lamarin ya canza a 1990, lokacin da Charles Moertel da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ba wa masu mataki na 3, wato waɗanda cutar ta kai wa kaluluwa, maganin kemo mai kashe ƙwayoyin daji bayan tiyata yana rage dawowar cutar da kashi 41 cikin 100, yana rage mutuwa da kashi 33 cikin 100. Daga ranar, kaluluwa ɗaya tak mai ɗauke da cuta ta zama ita ce ke raba wanda za a ba kemo da wanda za a sallama. Kin ga kuwa dole a damu da kada a tsallake ta.

Lambar 12 ta fito ne daga wani kwamitin masana da ya zauna a babban taron likitocin ciki na duniya a birnin Sidni na Ostareliya, shi ma a 1990. Daga baya ƙungiyoyin likitoci a Amurka da Turai suka ɗauke ta, har a 2007 aka mai da ita ma'aunin ingancin aikin asibitoci a Amurka. Ba wani sirri ne a jikin mutum ya sa ta zama 12 ba. Masana ne suka duba suka ga in an kai wajen nan, da wuya a ce an tsallake mai cutar. Wasu bincike sun kawo ƙasa da haka, wasu sun ce sai an haura 20. An tsaya a 12 ne don a samu layi ɗaya da kowa zai bi.

Yanzu ga abin da ƙaninki ya gani. A 2003 aka sake nazarin bayanan marasa lafiya 3,411 da suka shiga wani babban gwajin kemo a Amurka. A cikin waɗanda ba a ga cuta a kaluluwarsu ba, kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka duba wa 10 ko ƙasa da haka ne suka kai shekara 5 a raye, alhali a waɗanda aka duba wa fiye da 20 adadin ya kai kashi 87. Tazarar ba ƙarama ba ce. A 2007 kuma George Chang da abokan aikinsa suka tattara bincike 17 da suka ƙunshi mutum fiye da 61,000, suka tarar 16 daga ciki sun nuna abu ɗaya ga masu mataki na 2: yawan kaluluwar da aka duba yana tafiya tare da tsawon rai. Wannan ba a gardama a kansa. Gardamar tana kan dalili.

Dalilin da kowa ya fara kawowa shi ne na tsallakewa. Mai sayen buhun wake da ya ɗebo ƙwaya takwas bai ga ƙwaro ba, bai kai wanda ya ɗebo cikin tafi biyu ya baza a faranti samun natsuwa ba, ko da duk su biyun "babu" suka gani. Haka sifirin 0/8 bai kai na 0/25 ƙarfi ba. A cikin mutum ɗari masu 0/8, akwai wasu 'yan kaɗan da a gaskiya mataki na 3 suke, kaluluwar mai cutar tana nan cikin kitsen da aka yanko amma ba a tsinto ta ba. An sa su a mataki na 2, ba a ba su kemo ba, cutar ta dawo musu, sai suka ja alkaluman rukuninsu ƙasa. Bayanin yana shiga hankali, kuma akwai gaskiya a cikinsa.

Sai dai in da shi ne dukan dalilin, da an ƙara yawan kaluluwar da ake dubawa sai a ga masu mataki na 3 sun ƙaru sosai. An gwada, ba haka aka gani ba. Helen Parsons da abokan aikinta sun bi bayanan mutum fiye da 86,000 a Amurka daga 1988 zuwa 2008. A farkon lokacin, kashi 35 cikin 100 ne kawai ake duba wa 12 ko fiye. A ƙarshensa an kai kashi 74. An ninka ƙoƙari ke nan. Amma waɗanda aka samu cuta a kaluluwarsu daga kashi 40 suka koma kashi 42, kusan ba su motsa ba. Kafin wannan, a 2007, Sandra Wong ta jami'ar Mishigan ta kwatanta asibiti da asibiti a maimakon mutum da mutum, da marasa lafiya fiye da 30,000. Asibitocin da suka fi kowa yawan ƙirga kaluluwa ba su fi sauran samun masu mataki na 3 ba, ba su fi su ba da kemo ba, marasa lafiyarsu kuma ba su fi daɗewa a raye ba. A ganina waɗannan bincike biyu su ne ya kamata duk mai karanta zancen 12 ya karanta tare da shi, amma su ne intanet ba ta cika kawowa ba.

To in ba tsallakewa kaɗai ba ce, me ke nan? Adadin da ke kan takarda hannu uku ne suka haɗu suka samar da shi: jikin mara lafiya, hannun likitan tiyata, da idon likitan fatoloji. Mutane na ɗora wa na tsakiya laifin duka, alhali sau da yawa shi ne mai ƙaramin kaso.

Jikin mara lafiya shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Ba kowa ne Allah ya ba kaluluwa iri ɗaya ba. Matashi ya fi dattijo yawan wadda ake iya gani, don da tsufa takan ƙanƙance, kitse ya cinye ta. Ɓangaren dama na babban hanji ya fi na hagu yawanta, ga shi abin da ake yankowa a dama ya fi tsawo. Babban ƙari ya fi ƙarami tayar da ita. Ki duba Baba: shekara 64, ɓangaren hagu. Tun kafin a taɓa shi yana cikin waɗanda ake sa ran lissafinsu zai yi ƙasa. Bayan wannan akwai abin da ya fi zurfi. Kaluluwa barikin sojojin garkuwar jiki ce. In jiki ya gane ƙarin ya tashi yaƙarsa, sai ta kumbura ta yi ɓul-ɓul, mai nema ya same ta cikin sauƙi. In jiki bai tashi ba, tana nan ƙanana kamar ƙwayar gero a cikin kitse, sai an sha wuya a gan ta. Tun 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faris suka nuna cewa yawan ƙwayoyin garkuwa da suka kutsa cikin ƙarin hanji yana hasashen tsawon rai ƙwarai. Wato mutumin da aka samu kaluluwa 30 a jikinsa yana iya daɗewa ne saboda jikinsa mai faɗa ne tun asali, yawan kaluluwar alama ce ta hakan kawai. In haka ne, komawa a ƙara yanko kitse ba zai ba Baba garkuwar wani ba.

Akwai wani nau'in ciwon dajin hanji da ƙwayoyinsa suka rasa na'urar gyara kuskuren da ake samu wajen kwafar ƙwayar halitta, likitoci na rubuta shi MSI ko dMMR. Shi ya fi kowanne tsokano garkuwar jiki, kaluluwarsa kan yi yawa, kuma a mataki na 2 ya fi sauran sauƙi. Na kawo shi ne don wani bincike da likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife suka yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka, aka buga a 2021, ya samu wannan nau'in a 'yan Najeriya kusan ninki biyu na abin da aka samu a marasa lafiyar Amurkan. Zan dawo kansa, don yana shafar shawarar kemo.

Sai idon likitan fatoloji. Aikin nan na hannu ne, kuma mai cin rai. Ana jiƙa naman a ruwan fomalin ya yi tauri, a yayyanka kitsen siriri-siriri, a bi da yatsa ana lalube. Kaluluwa da yawa, har da masu ɗauke da cuta, ba su kai milimita 5 ba, launinsu kuma ya saje da kitsen. Wanda ke da nama ashirin a gabansa da wanda ke da uku ba za su ƙirga daidai ba. In mara lafiya mai ƙiba ne, nema ya ƙara wuya. In an bar babban nama a ɗan fomalin kaɗan, ko ya kwana biyu a leda kafin ya isa ɗakin gwaji, abin da ke faruwa a wurarenmu inda dangi ne ke ɗaukar nama da kansu zuwa wani gari, cikinsa kan lalace kafin a duba. Akwai dabarun da ke ƙara adadin, kamar jiƙa kitsen a wani ruwa mai narkar da shi har kaluluwar ta fito fili, ko ɗura shuɗin rini a jijiyar naman tun yana ɗanye. Da waɗannan ake mai da 8 ta koma 15 ko 20 a nama ɗaya, ba tare da an sake taɓa mara lafiya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa lambar ba ta auna yawan abin da aka cire, tana auna yawan abin da aka gani ne.

Ba ina wanke likitocin tiyata ba ne. Hannunsu yana da tasiri, babba ma, kuma tarihin wannan fanni ya tabbatar. A da, ciwon dajin dubura kan dawo a ƙugu ga mutum ɗaya cikin uku ko huɗu bayan tiyata. A 1982 Bill Heald, likita a wani asibitin gunduma a garin Basingstoke na Ingila, ya bayyana salon bin layin tantanin da Allah ya naɗe duburar da kitsenta da shi, a ɗauko su cikin rigarsu ba tare da an yaga ta ba. A 1986 ya ba da rahoton cewa dawowar cutar a wurin ta sauko ƙasa da kashi 4 cikin 100. A shekarar ce kuma Phil Quirke a Leeds ya nuna cewa abin da ya fi hasashen dawowar cutar a ƙugu shi ne ko wuƙa ta bi ta jikin ƙarin ta gefe. Daga baya Werner Hohenberger na Erlangen a Jamus ya kai wannan tunani kan sauran babban hanji. A rahotonsa na 2009, bayan sun koma ɗauko kitsen cikin rigarsa tare da ɗaure jijiya tun daga gindinta, dawowar cutar a wurin ta sauko daga kashi 6.5 zuwa 3.6, waɗanda cutar ba ta kashe ba cikin shekara 5 kuma suka tashi daga kashi 82 zuwa 89. A Denmak ma an kwatanta a 2015: kashi 86 na waɗanda aka yi wa wannan salon sun kai shekara 4 ba cuta, a kan kashi 76 na waɗanda aka yi wa yadda aka saba.

Ki lura da abin da waɗannan likitoci suka sa a gaba. Rigar kitsen ta fito lafiya ba yagewa, gefen da aka yanka ya fita tsaf. Yawan kaluluwa biyo bayan kyakkyawan aiki yake yi. Da aka zo tambayar ko zurfafawa har gindin jijiya ita kanta tana ƙara rai, sai aka yi gwaji a Sin inda aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, mai suna RELARC, da mutum kusan 1,000 masu ciwon a ɓangaren dama. Rabi aka yi musu mai zurfin, rabi aka yi musu aikin da aka saba amma mai kyau. Bayan shekara 3, kashi 86 na rukunin farko ba su da cuta, na biyu kashi 82, tazarar da masu binciken da kansu suka ce ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Raunata manyan jijiyoyin jini kuwa ya fi yawa a mai zurfin. A ɓangaren hagu irin na Baba, gwaje-gwajen da suka kwatanta ɗaure jijiya can gindi da ɗaure ta ƙasa kaɗan ba su nuna bambancin tsawon rai ba, ga shi a gindin nan ne jijiyoyin da ke sarrafa fitsari da ƙarfin namiji suke wucewa. Japanawa sun fi kowa zurfafawa, har kaluluwar gefen ƙugu suke kwashewa a ciwon dubura na ƙasa-ƙasa. Gwajinsu na mutum 701 ya nuna hakan ya rage dawowar cutar a ƙugu daga kashi 13 zuwa 7, amma tsawon rai kusan ɗaya ne, aikin kuma ya fi daɗewa da zubar da jini.

Wani abu da ya ƙara rage wa tsohon tunani ƙarfi: da ana ɗauka cutar daki-daki take tafiya, daga hanji zuwa kaluluwa, daga kaluluwa zuwa hanta, saboda haka in an datse ta a kaluluwa an tare hanya. A 2017 Kamila Naxerova da abokan aikinta a Boston suka bi salsalar ƙwayoyin daji a marasa lafiya 17, suka tarar a kusan kashi biyu cikin uku, wadda ta je hanta ko wata gaɓa mai nisa da wadda ta je kaluluwa ba daga reshe ɗaya suka fito ba, kowacce daga uwar ƙarin ta taso ta kama hanyarta. Mutum 17 ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da abin da ake gani a asibiti: abin da ke kashe mai wannan cuta galibi wanda ya bi jini ya tafi hanta ko huhu ne, shi kuwa wuƙa ba ta kamo shi a cikin kitse. Kemo ake aikawa ta bi shi.

Mu dawo kan Baba. Sake tiyata a mako na uku shi ne lokacin da ciki ya fi kowane lokaci mannewa. Hanji ya lilliƙe, nama ya yi laushi, ɗinkin da aka haɗa hanji da hanji bai gama kamawa ba. A shiga a irin wannan hali ana iya huda hanji, a raunata bututun fitsari da ke saukowa daga ƙoda, ko a ƙare da jakar bahaya a gefen ciki, duk don neman abin da wataƙila yana cikin robar fomalin a ɗakin gwaji. Ana komawa tiyata in an ga an bar ƙari a gefen da aka yanka, ko in tun farko an yanke hanjin ne a zaton ba daji ba ne, ba a ɗauko kitsensa ba sam. Ƙarancin lissafi shi kaɗai ba dalili ba ne.

Abin da za ku yi cikin makon nan shi ne ku koma wajen likitan da ya yi aikin, cikin girmamawa, ku roƙe shi ya tuntuɓi ɗakin fatoloji a sake bin ragowar kitsen. Wannan roƙo ne da aka saba, ba zargi ba ne, likitoci da kansu suna yin sa duk lokacin da lissafi ya gaza 12. Ku hanzarta, don ragowar nama ba a ajiye shi har abada, bayan 'yan makonni da fitar sakamako akan zubar. In an sake nema aka samu ƙarin 6 ko 7 duk babu cuta, sifirin ya yi ƙarfi. In aka samu ɗaya mai cuta, Baba ya koma mataki na 3, kemo ta zama tilas, kuma gara a sani yanzu.

Sannan ki sake ɗauko takardar, ki bar kallon layin kaluluwa kaɗai. Ki duba ko an rubuta gefunan da aka yanka sun fita babu cuta. Ki duba tsawon hanjin da aka cire da nisan ƙarin daga bakin yanka, ana son aƙalla santimita 5 kowane gefe. Ki duba ko an ga ƙwayoyin daji a cikin ƙananan jijiyoyin jini ko magudanan ruwa ko jikin jijiyoyin saƙo, da ko ƙwayoyin masu mummunar kama ce. Ki tuna kuma yadda aka shiga tiyatar: an shirya ta ne, ko hanjin ne ya toshe ko ya fashe aka shiga cikin gaggawa? A ƙasashenmu na biyun ya yi yawa, don mutum kan shekara yana shan maganin basir a kan jinin da yake gani a bahaya kafin a duba shi da kyamara. Toshewa da fashewa kowannensu alamar haɗari ce mai zaman kanta, kuma likitan da ya shiga cikin dare ya tarar da hanji a kumbure, ceton rai ne a gabansa kafin komai.

Duk waɗannan za ku kai wa likitan cutar daji, a nan ne lambar 8 za ta yi aikinta. Ƙa'idojin magani na Amurka da Turai sun sa duba ƙasa da 12 cikin abubuwan da ke mai da mataki na 2 "mai haɗari", wato wanda ya cancanci a zauna a tattauna kemo. Ki san girman abin da ake magana a kai: babban gwajin QUASAR na Birtaniya, wanda aka buga a 2007, ya nuna kemo na ƙara wa masu mataki na 2 kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na damar kaiwa shekara 5. Riba ce ta gaske amma ƙarama, wadda za a auna ta da ƙarfin jikin Baba, da ƙodarsa, da ko yana da ciwon suga, da kuma aljihu. In 8 ɗin ta tsaya a 8 bayan an sake nema, ni zan karkata ga a ba shi, ko da ƙwayar kemo ta sha ce mai suna kapesitabin har wata 6. In akwai wasu alamun haɗarin a kai, akan ƙara ruwan okzaliplatin, wanda aibinsa shi ne dindiris da jin kamar ana tsira allura a yatsun hannu da ƙafa, wani lokaci ya daɗe bai tafi ba. Babban nazarin IDEA na 2018, mai mutum kusan 13,000, ya nuna ga masu mataki na 3 marasa tsanani wata 3 na haɗin magungunan biyu ya kusa daidai da wata 6, ga dindiris ɗin ya fi sauƙi, shi ya sa yanzu ba kowa ake ja wa wata 6 ba. A nan ne gwajin MSI ɗin nan yake shigowa: in ƙarin Baba irin wannan ne, a mataki na 2 kapesitabin ita kaɗai ba ta ƙara masa komai, kuma dama haɗarinsa kaɗan ne. Ana yin gwajin a kan ɗan naman da aka riga aka daskarar a kakin ɗakin gwaji, ba sai an taɓa shi ba. In ɗakin da ya duba naman ba ya yi, ana iya karɓar kakin a kai wani.

Lokaci yana da muhimmanci fiye da lambar da ke damunku. Ana son a fara kemo cikin mako 6 zuwa 8 da tiyata, bayan haka amfaninta na raguwa. Kun ci uku. Kada ku ƙarar da sauran wajen yawo daga likita zuwa likita neman wanda zai yarda ya sake yanka.

Ko an ba shi kemo ko ba a ba shi ba, bibiya ba fashi, don mafi yawan dawowar cutar cikin shekara 3 na farko take faruwa, kuma wadda aka kama da wuri a hanta ko huhu ana iya yanke ta a warke. Za a riƙa gwajin jini na CEA, wani sinadari da kan hau in cutar ta dawo, duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, da hoton CT na ƙirji da ciki aƙalla sau ɗaya a shekara, da duba hanji da kyamara bayan shekara ɗaya. In ƙarin ya tare hanya kyamara ba ta iya wucewa ba kafin tiyata, to a duba sauran hanjin cikin wata 3 zuwa 6, kada a jira shekara. Kada kuma ku ji tsoron ƙafarsa za ta kumbura kamar yadda hannun mai ciwon nono kan yi bayan an kwashe kaluluwar hammata: wadda aka cire wa Baba hanjin da aka yanke kaɗai take yi wa aiki, ta tafi tare da shi.

Ke da ƙaninki da sauran 'ya'yan Baba da 'yan uwansa na jini ɗaya, haɗarinku ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Duk wanda ya kai shekara 40 a cikinku ya je a duba shi, ko da ba ya jin komai, wanda kuma ya ga jini a bahaya ko sauyin fitarsa da ya wuce 'yan makonni kada ya jira shekarun su cika.